Rumbunan Bakin Dogo: Yadda Aka Nisanta Manomin Kanada da Kasuwarsa

A yammacin Kanada akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ya ratsa larduna uku, Manitoba da Saskatchewan da Alberta, inda mutum kan yi doguwar tafiya a mota bai ga ko tudu ba. A irin wannan ƙasa, tun kafin matafiyi ya ga rufin gida ɗaya, abin da yake fara hangowa shi ne wani dogon gini na katako tsaye a bakin layin dogo, tsayinsa ya kai na bene mai hawa bakwai, an rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe a jikinsa. Rumbun hatsi ne. Mutanen can suna ce masa elebeta, domin aikinsa ɗaga hatsi sama. A nan manomi yake kai alkamarsa a auna, a yanke mata daraja, a biya shi, daga nan a zuba ta a tarago ta nufi bakin teku.

A shekarun 1930 irin waɗannan rumbuna sun haura 5,700, fiye da 3,000 daga ciki a Saskatchewan kaɗai. Yau wuraren da ke da lasisin karɓar hatsi kai tsaye daga hannun manomi a duk yankin ba su cika 400 ba, kuma akasarinsu ba na katakon ba ne, manyan gine-ginen kankare ne da ƙarfe da aka kafa a bayan gari, a bakin babban layi. Hatsin da ake nomawa bai ragu ba, ninkawa ma ya yi. Nijeriya na cikin ƙasashen da ke sayen alkamar Kanada, don haka burodin da muke karyawa da shi da taliyar da muke dafawa ba su rasa alaƙa da wannan labari ba. Amma abin da ya sa na ga ya cancanci a warware shi daki-daki shi ne tambayar da ke ƙarƙashinsa: idan aka ce an sauƙaƙa tsarin kasuwanci an rage kashe kuɗi, nauyin da aka sauke, a kan wa ya koma?

Sai an san yadda rumbun yake aiki kafin a gane abin da aka rasa. Da katako zalla ake gina shi: a kwantar da falanki a kan falanki, a buga dogayen ƙusoshi, a yi ta ɗorawa har sama, masu faɗi a ƙasa, sirara a can ƙololuwa, don bangon ya iya riƙe nauyin hatsi kada ya buɗe. Manomi zai shigo da motarsa ta wata rumfa a gefe, ya tsaya a kan sikelin da ke shimfiɗe a ƙasa. A auna shi da kaya. Wakilin rumbun ya tara kwano a bayan mota yayin da hatsin ke zuba, ya ɗebi samfuri, ya tankaɗe a rariya don ya ga yawan ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa, ya gwada danshi, ya watsa ƙwayar a tafin hannu ya duba ko sanyi ya taɓa ta. Hatsin kuwa ya faɗa wani rami ta tsakanin sandunan ƙarfe, daga can wani dogon bel mai jerin ƙananan gugaye ya kwashe shi ya hau da shi sama, a karkata mazurari ya zube a ɗakin da ya dace da darajarsa. A sake auna motar babu kaya, a rubuta takarda. Duk wannan ana yi ana hira, domin wakilin ɗan gari ne, 'ya'yansa da na manomin makarantarsu ɗaya. Idan an yi gardama a kan daraja, da mutumin da za ka haɗu da shi gobe a kanti kake yi.

Me ya sa suka yi yawa haka? Doki ne ya tsara taswirar. Lokacin da layin kamfanin Canadian Pacific ya haɗa gabas da yamma a 1885, manomi da keken doki yake kai kaya, kuma tafiyar da zai iya yi ya dawo gida kafin dare ba ta da yawa. Saboda haka aka riƙa kafa tasha kusan kowane kilomita goma sha biyu zuwa sha shida, kowace tasha da rumbunta, kowane rumbu kuma gari ya tsiro a gindinsa. Kamfanin jirgin ba ya son ɓata lokacin taragunsa ana loda buhu ɗaya-ɗaya, sai ya riƙa ba da fili a bakin layi ga duk wanda zai gina rumbu mai cin aƙalla mudun bushel 25,000, wato kimanin tan 680 na alkama, kwatankwacin manyan buhunanmu 6,800. Rumbu na farko a yankin kuwa tun 1879 aka gina shi a Niverville ta Manitoba. Wasu garuruwan sun tara biyar, shida a jere. Vulcan ta Alberta har tara ta yi.

Kada a ɗauka tun farko manomi da rumbun masoya ne. Rumbunan farko na 'yan kasuwa ne da masu injin niƙa, kuma kukan manoma a lokacin duk wanda ya taɓa kai kaya hannun dillali ya san shi: tauye awo, karya daraja, cire kaso mai yawa da sunan datti, haɗa baki a kan farashi. A 1901 aka yi damina mai albarka, taragu suka yi ƙaranci, alkama ta rasa mai ɗauka. A ƙarshen shekarar manoma suka taru a Indian Head suka kafa ƙungiya ƙarƙashin W. R. Motherwell. Suka matsa aka gyara doka a 1902 cewa a raba taragu bisa layi, wanda ya riga rubuta suna shi ne farko, ko kamfani ne ko manomi guda. Da wakilin jirgin a wani ƙaramin gari mai suna Sintaluta ya ƙi bin wannan doka, suka maka kamfanin a kotu, suka yi nasara. Tarar dala 50 ce kacal, amma haƙƙin da ta tabbatar, cewa manomi na iya neman taragonsa ya loda da kansa ba tare da ya bi ta rumbun kowa ba, yana nan a doka har gobe.

Daga nan suka gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka kafa kamfaninsu na sayar da hatsi a 1906, sannan a 1923 da 1924 aka kafa manyan ƙungiyoyin gama-kai na alkama a lardunan uku, waɗanda ake kira Pool. Ta Saskatchewan ta girma har ta zama babbar mai karɓar hatsi a ƙasar. Ke nan yawancin rumbunan da aka rushe daga baya ba kayan wani baƙo ba ne, gumin kakannin manoman ne, da 'yan kuɗin da aka riƙa cirewa daga kowane mudu aka gina su. Wannan shi ya sa rushe su ya yi ciwo fiye da yadda lissafin akanta zai nuna.

Turken da ya riƙe wannan tsari gaba ɗaya shi ne kuɗin dakon jirgi. A 1897 gwamnati ta ba Canadian Pacific tallafin gina layi ta mashigar duwatsun Crowsnest, shi kuma ya yarda ya rage kuɗin dakon hatsi. Daga baya majalisa ta mayar da wannan farashi doka, ya zauna kusan a wuri ɗaya har 1983. Mutanen yankin suna ce masa Crow kawai. Muddin yana nan, manomin da ke ƙarshen wani ƙaramin reshe bai da dalilin wuce rumbun garinsu, domin kuɗin dako ya danganta da nisan bakin teku ne, ba da ƙanƙantar tasharsa ba. Kamfanonin jirgi kuwa suka ce asara suke tafkawa, suka daina gyaran rassa, har wasu layukan suka lalace jirgi na tafiya a kansu kamar hawainiya. A 1983 aka sauya tsari, gwamnati ta koma biyan kamfanonin tallafin ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara. A 1995, ana fama da giɓin kasafi kuma ga sababbin ƙa'idojin cinikin duniya da ke hana tallafin fitar da kaya, aka soke shi baki ɗaya. Aka raba wa masu gonaki dalar Kanada biliyan 1.6 sau ɗaya tak a matsayin sallama. Kuɗin dakon da manomi ke biya ya ninka a wurare da dama. A 1996 wata sabuwar dokar sufuri ta sauƙaƙa wa kamfanonin jirgi yin watsi da reshen da ba sa so.

Sai kuma rangwame. Kamfanonin jirgin suka ce duk rumbun da zai iya loda tarago 50 ko 100 a zama ɗaya za a yi masa ragi a kan kowane tan. Tsohon rumbun katako, wanda ɗan layin gefensa bai fi ɗaukar taragu kaɗan ba, ina zai kai kansa? Sababbin na yanzu wasunsu da layi mai zagaye ake gina su, jirgi mai taragu sama da 130 ya shigo, a loda shi yana tafiya a hankali ba tare da an kwance kansa ba, ya fice. Da zarar an cire layin dogo daga wani reshe, rumbunan da ke kansa sun mutu ko da ginin lafiya lau yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa da ɗan gari aka ci gari. A 1996 ƙungiyar Pool ta Saskatchewan ta shiga kasuwar hannayen jari ta Toronto don ta samu kuɗin gina manyan rumbunan kankare. Daga ranar ta zama mai iyayengiji biyu: manomi da ke son rumbu kusa da gonarsa, da mai hannun jari da ke son riba. Ta rufe ɗaruruwan rumbunanta cikin 'yan shekaru, ta ci bashi mai nauyi, ta kusa durƙushewa a 2003. Takwarorinta na Alberta da Manitoba suka haɗe a 1998, suka sake haɗewa da kamfanin hatsi na United Grain Growers a 2001, a 2007 kuma ta Saskatchewan ta saye su duka aka sa wa sabon kamfanin suna Viterra. A 2012 kamfanin Glencore, mai hedikwata a Suwizalan, ya saye Viterra a kan kimanin dala biliyan 6. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta kawo ƙarshen ikon Hukumar Alkama ta Kanada na zama ita kaɗai mai sayar da alkama da sha'ir ɗin yammacin ƙasar a waje. A 2015 aka sayar da mafi rinjayen hannun jarinta ga G3, haɗin gwiwar kamfanin Bunge da wani kamfanin zuba jari na Saudiyya. Bunge ɗin ne kuma ya haɗiye Viterra a 2025. Cikin shekaru talatin, abin da manoma suka shekara saba'in suna ginawa ya bar hannunsu.

Adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Rumbun katako ya tsufa, ƙurar hatsi tana kama wuta kamar fetur, gyaransa tsada. Tun kafin 1995 an daɗe ana rufe su, domin babbar mota ta maye gurbin doki kuma gonaki suna haɗewa: Saskatchewan na da gonaki kusan 142,000 a 1936, ƙidayar 2021 ta samu 34,000 da 'yan kai. Manomin da ke girbe tan dubu uku ba zai so ya tsaya layi a rumbun da sikelinsa ba ya ɗaukar tirela ba. Hasali ma ɗaya daga cikin manyan rumbunan kankare na farko manoma ne da kansu suka haɗa kuɗi suka gina shi a Weyburn a 1976, lokacin da ƙungiyar Pool ke adawa da irinsa. Sabon tsari ya fi sauri, tarago na zuwa teku ya dawo da wuri, ana iya tsabtace hatsi tun a cikin ƙasa. Wanda gonarsa ke kusa da babban layi, kuma yake da jari, ya amfana. Ban musa ba.

Inda na rabu da masu wannan hujja shi ne kalmar "tanadi". Hatsin nan dole ya taso daga gona ya isa inda jirgi yake. Da jirgi ne yake zuwa kusa da manomi. Yanzu manomi ne yake bin jirgi. Tafiyar ba ta ɓace ba, daga littafin kamfani aka goge ta aka rubuta a na manomi. A ɗauki misali: mutum yana da tan 1,000, rumbu mafi kusa ya koma kilomita 60. Da tirela mai jan akwati biyu, mai cin tan 40, sawu 25 zai yi, kilomita 3,000 zuwa da dawowa, a ƙasar da sanyin hunturu ke daskarar da man gas a tanki. Ko ya sayi tirelar, ko ya biya mai ita. Tsohuwar motarsa mai ɗaukar tan takwas ta zama ta yawon gona. Sannan babban rumbu ba wurin ajiya ba ne, mashiga ce. Ba ya karɓar kaya sai ranar da ya kira ka, daidai da zuwan jirginsa. Saboda haka manomi ya koma gina nasa rumbunan ƙarfe a gida, da fanka da injin busarwa, shi ke ɗaukar hasara idan hatsi ya yi zafi ko ƙwari suka shiga. Mai ƙaramar gona da ba zai iya wannan jari ba, sai ya ba maƙwabci haya ko ya sayar ya koma birni.

Hanya ma ta biya nata kason. Da yawa daga cikin titunan karkarar Saskatchewan siririyar kwalta ce aka shafa a kan ƙasa don a kashe ƙura, ba a yi su don tirela ba. Da nauyin da layin dogo ke ɗauka ya dawo kansu, suka farfashe, wasu ma aka kankare kwaltar aka mayar da su tsakuwa. Kuɗin gyara daga harajin lardi da na ƙananan hukumomi yake fita, wato daga aljihun mutanen da aka ce an yi wa tanadi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Garin kansa fa? A ƙauye mai mutum ɗari biyu, rumbuna ne manyan masu biyan harajin gini. In sun tafi, kuɗin famfo da share ƙanƙara ya koma kan tsofaffin da suka rage. Wakili da iyalinsa sun tashi, an rage yara uku a makarantar da dama da ƙyar take cika aji. Manomin da ya kai kaya babban gari a can zai sha mai, ya sayi kayan gyara, ya shiga banki, ya ci abinci. Mai shagon shayin da ke rayuwa da layin motocin kaka ya rufe. Ba rumbun kaɗai ya kashe waɗannan garuruwa ba, amma sau da yawa shi ne ginshiƙin ƙarshe. Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Wanda ya san abin da reshen Kaura Namoda da na Nguru suka yi wa garuruwan da ke kansu a zamanin gyaɗa da auduga, ya kuma ga tashoshin bayan jirgi ya ɗauke ƙafa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma asarar da ta fi girma ba a ganinta da ido. Farashin da ake ba manomi a ƙofar rumbu shi ne farashin duniya bayan an cire dako da ɗawainiya da ribar kamfani. Wannan tazara ba doka ce ta yanke ta ba, gasa ce. Lokacin da gari ke da rumbuna huɗu na kamfanoni daban-daban, ɗaya ma na ƙungiyarka ne, in wannan ya karya maka daraja sai ka tura motarka gaba kaɗan. Yanzu mai saye na biyu yana iya kasancewa tafiyar awa guda, kuma mai saye na farko ya san haka. Doka ta ba manomi damar aika samfuri ga Hukumar Hatsi ta Kanada ta raba gardama a kan daraja, amma mutumin da ya taho da tan 40 daga nesa, ga layi a bayansa, ga bashin taki na jiransa, sau nawa zai juya da kayansa?

An ga wannan ƙarara a kakar 2013, wadda ta ba da amfanin da ba a taɓa samun irinsa ba a lokacin. Sanyi ya yi tsanani, kamfanonin jirgi biyu, Canadian National (CN) da Canadian Pacific (CP), suka kasa kwashe kaya, jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a Vancouver suna jira. Rumbuna suka cika, wasu suka daina saye, waɗanda ke saye suka faɗaɗa tazarar yadda suka ga dama. Farashi a bakin teku yana da kyau, a ƙofar gona ya faɗi warwas. Sai a watan Maris na 2014 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin dole cewa kowane kamfanin jirgi ya riƙa ɗaukar tan 500,000 a mako. Masana tattalin arzikin noma a Jami'ar Saskatchewan sun ƙiyasta abin da ya zube daga hannun manoma da biliyoyin daloli. Abin da ya faru a 1901 ne ya maimaita kansa, ga shi kuma ƙungiyar Pool ta riga ta tafi, Hukumar Alkama kuma ba ta da sauran ikon da za ta tsaya ta yi ja-in-ja a madadinsu.

Yadda aka yi rushewar ma ya bar tabo. A wurare da dama mutanen gari sun nemi a sayar musu da rumbun su ci gaba da amfani da shi, kamfani ya gwammace ya rushe, ko ya sayar da sharaɗin ba za a yi cinikin hatsi a ciki ba, don kada ya haifa wa kansa kishiya. Katafila kan zo da safe ta ci gindin ginin ta gefe ɗaya, ya karkata, ya kife da ƙara, ƙurar hatsin shekara sittin ta turnuƙe sama. A tura tarkacen rami a cinna wuta. Kafin la'asar sunan garin da ake hangowa daga nesa ya zama toka, mutane na tsaye a jikin motocinsu suna kallo. Kaɗan aka tsirar: jerin guda biyar a Inglis ta Manitoba an ayyana su wurin tarihi na ƙasa a 1996. Na Fleming, wanda aka gina a 1895, mutanen gari suna cikin gyara shi gobara ta cinye shi a 2010.

Wasu kuwa ba su tsaya ga adana gini ba, layin suka bi. A 1989 manoman kudancin Saskatchewan suka kafa ƙungiyar gama-kai ta Southern Rails suka karɓi rassan da aka yi niyyar watsarwa. A kudu maso yamma, wajen Shaunavon, manoma da ƙananan hukumomi sun haɗa kuɗi sun sayi Great Western Railway a 2004. A irin waɗannan layuka manomi yana amfani da haƙƙin nan da aka ci a shari'ar Sintaluta: ya nemi taragonsa, a ajiye masa a ɗan layin gefe, ya zo da motarsa da injin ɗaga hatsi mai kama da dogon bututu, ya cika tan casa'in da kansa, ya rufe, ya tsira da kuɗin da rumbu zai cire. Kason hatsin da ke bin wannan hanya ƙanƙane ne, kuma manyan kamfanonin jirgi sun rufe wuraren lodi da yawa a kan nasu layukan, CN kaɗai ya soke 53 a 2009. Duk da haka, a garuruwan da ƙaramin jirgin yake tsayawa, mai babban rumbun da ke kilomita 60 ya san manomi na da wata ƙofar, kuma yana sa wannan a lissafi kafin ya rubuta farashin ranar.